Makaɗin da Magana Ta Ɗauke Masa: Nazarin Wani Bincike a Maraɗi

Labarin ya fara zo mini ne ta bakin wata ƴar'uwata da ke aure a Bagalam, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Maraɗi. Ta ce wani tsoho maƙwabcinsu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke masa, amma da zarar an tada salatin Annabi a masallacin ƙofar gidansu sai a ji muryarsa a ciki tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Ana shafa fatiha sai bakin ya koma ya rufe. Ƴan unguwa kowa da fassararsa. Wasu sun ce baiwa ce Allah ya bar masa. Wasu sun tuno makaɗi ne a da, suka ce iskoki ne suka riƙe harshen, ko da yake mutumin kalangun mahauta ya kaɗa duk rayuwarsa, bai taɓa zama wajen wasan bori ba. Akwai ma masu cewa yana iya magana sarai, fushi kawai yake da iyalinsa.

Daga ƙarshe ta ƙara da cewa wata malama na zuwa gidan da littafi da salula, tana sa shi rera gaisuwa. Wannan ne ya sa na nemi malamar. Ta yarda na bi aikin, iyalan ma suka yarda, bisa sharaɗin kada a ambaci sunan kowa. Saboda haka zan kira ta Malama, shi kuma Baba, kamar yadda ake kiransu a gidan.

Malama

Haifaffiyar Maraɗi ce, ɗiyar wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Aikin jinya ta fara karantawa. A ɗakin marasa lafiya ta lura da abin da ya dame ta: mai shanyewar jiki idan ya tsira, ana ba shi maganin hawan jini, ana tura shi wajen masu motsa gaɓoɓi, amma idan magana ce ta ɗauke ba wanda ya san inda za a tura shi. Sai a ce a koma gida a yi ta addu'a. Ta nemi ƙarin karatu a Lome ta ƙasar Togo, inda ake horar da masu gyaran magana na ƙasashen yankinmu masu aiki da Faransanci. Bayan digiri na biyu ta dawo gida tana koyarwa a wata makarantar aikin lafiya, tana kuma rubuta kundin digirin dokta.

Dawowa gida da irin wannan buri abu ne da bai daɗe da yiwuwa ba. Kafin 2010, lokacin da aka kafa jami'ar Maraɗi wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan garin nan mai son zama malamin jami'a sai ya tattara ya koma Yamai ko ya fita waje. Yanzu akwai tsani a gida, sai dai matakalarsa ba a gida ake auna ta ba. Ƙarin girman malaman jami'a a Nijar yana bi ta hukumar CAMES ta ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Can ake duba takardun mutum a ga maƙalolin da ya buga a mujallun ilimi kafin a ɗaga shi daga mataki zuwa mataki har ya kai farfesa. Na kawo wannan tun da wuri ne domin duk abin da Malama ta yi a tsakar gidan Baba, da wannan ma'auni a bayan zuciyarta ta yi shi.

Taken kundinta na farko ya yi faɗi ƙwarai: tasirin kiɗa da waƙa wajen dawo da magana ga Hausawa masu shanyewar ɓarin jiki. Da kanta take dariyar taken yanzu.

Baba

Ya haura saba'in. Ya gaji kalangu wajen mahaifinsa, ya kaɗa wa mahauta a kasuwa da wajen biki shekaru masu yawa, ya ajiye bayan ya dawo daga aikin hajji. Hawan jini ya daɗe da shi, yana shan magani idan kai ya yi ciwo, ya bari idan ya lafa. Wannan hali ba nasa ne shi kaɗai ba. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda aka fi sani da SIREN, ya nuna cewa kusan tara cikin goma na shanyewar jiki a yankin ana iya danganta su da hawan jini.

Da asuba abin ya same shi, yana alwala buta ta suɓuce. Aka yi ta tofi da hayaƙi har rana ta take kafin a kai shi asibiti. Hoton kai ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa dama ce ta shanye, domin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa kishiyar gefen jiki yake tuƙawa. Shi ya sa kuma magana ta tafi, domin ga mafi yawan mutane, musamman masu aiki da hannun dama, a hagun ne cibiyoyin harshe suke. Likitoci na kiran wannan afaziya, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki suna samun wani nau'inta.

Irin ta Baba ita ce wadda mutum yake fahimtar yawancin abin da ake faɗa masa amma kalma ta ƙi fita. Da Malama ta fara ganinsa, wata huɗu bayan faɗuwar, abin da ya rage masa shi ne "to" da "Allah". Da su yake amsa komai, da su yake neman ruwa, da su yake faɗa. Idan ba a gane ba sai ya juya fuska bango. Ya daina zama ƙofar gida. Uwargidansa, wadda kowa ke kira Inna, ta ce ba ciwon ne ya mayar da shi ɗaki ba, kunya ce: mutum ya wuce ya ce masa ina kwana, shi kuwa ya kasa amsawa. A garin da ake auna mutunci da gaisuwa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Abin da ta zo da shi daga littattafai

Mai afaziya ya rera abin da ya kasa faɗa ba sabon abu ba ne a tarihin likitanci. A 1745 wani marubuci ɗan Suwidin, Olof Dalin, ya ba da labarin wani mutum da damarsa ta shanye, ba ya iya cewa komai sai "i", amma yana rera waƙoƙin cocin da ya haddace kafin ciwon. A 1861 Paul Broca a Paris ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya shekara da shekaru ba ya furta komai sai "tan", ya ga raunin a gaban ɓangaren hagu, wurin da har yau ake kira da sunansa.

Mayar da wannan abin mamaki ya zama hanyar jinya ya zo ne a 1973, a birnin Boston na Amurka, ta hannun Martin Albert da Robert Sparks da Nancy Helm. Tsarin nasu mai sauƙin faɗa ne. A ɗauki gajeriyar jimla ta yau da kullum, a rera ta a hankali kan sauti biyu kawai, na sama da na ƙasa. Mai jinya ya riƙe hannun hagu na majinyaci yana ɗan buga shi sau ɗaya ga kowace gaɓar kalma. Su fara rerawa tare, sai mai jinya ya rinƙa janye muryarsa, har majinyaci ya ƙarasa shi kaɗai, daga baya a sauke rerawar ta koma magana. A Faransa, Philippe Van Eeckhout ya gyara tsarin ya dace da Faransanci, kuma wannan sigar ce Malama ta koya.

Dalilin da ya sa yake aiki, idan ya yi aiki, har yanzu ana gardama a kai. Masu tsarin na farko sun ɗauka ɓangaren dama ne, wanda ya fi hannu a sarrafa waƙa, yake karɓar aikin hagun da ya lalace, kuma hotunan ƙwaƙwalwa da wani likita, Gottfried Schlaug, ya ɗauka a Boston sun nuna canji a hanyoyin jijiya na dama bayan dogon horo. Amma wani binciken hoto da aka yi a Faransa a 1996 ya ga gefen hagun ne ya farfaɗo. Sai kuma Benjamin Stahl da abokan aikinsa a Laifzig ta Jamus, a 2011, suka gwada majinyata 17 suka ga rerawa ba ta fi magana mai bugu a jere amfani ba. A ganinsu bugun ne ke ɗauke da nauyin, tare da kasancewar jimlar sananniya ce da baki ya saba da ita. Wannan ya dace da aikin Michael Thaut a Kolorado a shekarun 1990, wanda ya nuna cewa bugu mai tsari yana daidaita takun masu ciwon Fakinsan, mai sa rawar jiki, da masu shanyewar jiki.

Salatin Baba ya haɗa duka ukun: rerawa, bugu, da haddar shekara sittin. Ba yadda za a yi daga masallaci a gane wanne ne ke buɗe bakin.

Gardamar gida

Kafin a fara komai sai da aka yi zama. Babban ɗan Baba, mai shago a kasuwa kuma mai karatun addini, shi ke biyan kuɗin magani, saboda haka maganarsa na da nauyi. Da ya ji kalmar kiɗa sai fuskarsa ta canza.

"Malama, ni ban hana ki aikinki ba," in ji shi. "Amma tsohon ga ya tuba ya aje kalangu. Ba ya sake shigowa gidan ga da sunan magani."

Kada a yi saurin ce masa mai tsauri. A Maraɗi, haɗa kiɗa da magani a jimla ɗaya yana da tarihinsa. Kwarin gulbin nan ya yi suna da bori har masu bincike daga Turai suka zo suka zauna a kansa, irin su Jacqueline Nicolas da Veit Erlmann, wanda ya buga nazari a 1982 kan kiɗan bori a Nijar. Duk wanda ya tashi a nan ya ji an ce za a yi wa marar lafiya kiɗa, goge da ƙwarya ne za su faɗo masa a rai. Ga kuma matsayin makaɗi a idon jama'a. Ɗan da ya sha gori yana yaro a kan sana'ar ubansa, ba zai so a tono ta ba bayan ya rufe.

Malama ba ta yi musu da shi kan halacci ko haramci ba, kuma a ganina nan ta yi dabara. Ta ce masa ba ganga, ba waƙa, ba rawa. Ta kama hannunsa na hagu ta buga a kan tabarma tana cewa "la-fi-ya-lau" da ɗan jan murya, ta ce iyakar abin ke nan, kuma almajirai ma da irin wannan jan muryar suke hadda. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a gwada, amma ƙanwarsa za ta rinƙa zama a wurin. Zaman ƙanwar ya zama alheri daga baya, don ita ta rinƙa maimaita darasin da dare.

Yadda ta tsara aikin

Mutum ɗaya ba ya zama hujja, amma akwai hanyar da masu bincike ke bi su rage ruɗin kai ko da mutum ɗaya ne. Ta rubuta jimlolin da Inna ta ce su aka fi bukata: gaisuwa, neman ruwa, neman buta, faɗin inda ke ciwo, sunayen jikoki, abinci. Ta raba su gida biyu masu kama da juna a tsawo da wahala. Gida ɗaya za a yi horo a kansa, ɗayan ba za a taɓa shi ba sai ranar gwaji. Kafin horon ta yi mako biyu tana ɗaukar muryarsa a salula yana ƙoƙarin maimaita duka jimlolin, don a san inda aka tashi. Masu ba da maki kuma ɗalibanta ne da ba su san wace murya ce ta farko wace ce ta baya ba. Idan jimlolin horo suka gyaru waɗanda ba a taɓa ba suka tsaya, to akwai alamar horon ne. Idan duka suka gyaru tare, ƙila ƙwaƙwalwa ce ke warkewa da kanta, abin da ke faruwa sosai a watanni shidan farko.

Bayan la'asar take zuwa a kan kabu-kabu, kwana biyar a mako, kuɗin kuma daga albashinta.

Miyar kuka

Makonnin farko gaisuwa ta fara fitowa, kamar yadda binciken Laifzig zai sa a zata. Amma da aka shiga sauran jimlolin sai aiki ya cije. Baba ya rinƙa janye hannu, yana girgiza kai, wani lokaci ya ce "Allah" da ƙarfi ya juya baya. Malama ta ɗauka gajiya ce, ta rage tsawon zama. Bai canza ba. Ta ɗauka baƙin ciki ne, wanda yake yawan biyo bayan shanyewar jiki. Shi ma ba shi ba ne.

Ranar da abin ya warware ina wurin. Suna kan abinci, tana rera masa "miyar kuka", ta ɗora gaɓoɓin "ku" da "ka" duka a sautin sama. Baba ya ƙyalƙyale da dariya, karo na farko da na ji dariyarsa. Inna daga bakin murhu ta ce, "Ke ɗiyata, wa ka shan miyar hawaye? Kuka kika ce, ba kuka ba."

A rubuce maganar Inna ba ta da ma'ana, kuma nan matsalar take. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan ido gaɓoɓinsa biyu duka a sama suke. Kukar miya kuwa ta farko a sama, ta biyu a ƙasa. Haka wuyan jiki yake sama sannan ƙasa, wuyar wahala kuma ƙasa sannan sama. Ba ma rubuta wannan a boko, ba a koya mana shi a lakwal, muna yin sa ne ba tare da mun san muna yi ba. Malama Bahaushiya ce gaba da baya, a hira ba za ta taɓa yin wannan kuskure ba. Amma da ta zauna da littafinta sai ta bi ƙa'idar da aka gina wa Faransanci, harshen da hawa da saukar murya ba sa canza ma'anar kalma, ta rinƙa raba sama da ƙasa yadda tsarin ya ce. Mako da makonni tana rera wa tsohon Hausar da ba Hausa ba.

Kuma ba kowane tsoho ba. Kalangu ganga ce mai magana, kuma da karin sautin nan take maganar. Makaɗi na rataya ta a hammatar hagu, ya matse igiyoyin fatar da ke jikinta sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, dama kuma na bugu da lanƙwasasshen sanda. Haka yake kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Wato Baba ya yi shekara kusan hamsin sana'arsa ita ce raba gaɓar sama da ta ƙasa, kuma hannun da ke wannan aiki shi ne na hagu, wanda ciwon bai taɓa ba. Da Malama ta koma kan hotunan bidiyon da ta ɗauka sai ta ga abin da ya wuce ta: duk lokacin da take rerawa, damtsensa na hagu yana matsewa jikin haƙarƙari yana saki. Inda rerawarta ta bi karin kalma, damtsen na tafiya tare da ita. Inda ta saɓa, sai ya tsaya cak, sa'an nan ya janye hannu. Gyara yake mata tun ranar farko.

Ta koma ta sake rubuta jimlolin duka, ta sa alamar sama da ƙasa a kan kowace gaɓa. "Ina kwana" ƙasa ɗaya sai sama uku. "Lafiya lau" sama, sama, ƙasa, sama. "Na gode" sama, sama, ƙasa. Ta kuma daina ba kowace gaɓa bugu daidai wa daida, domin Hausa na bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma a kan wannan bambanci ne ma'aunin waƙoƙinmu ya ginu, kamar yadda masana irin su Russell Schuh suka yi dogon nazari. Maimakon ta riƙe masa hannu tana bugawa, sai ta naɗe tsumma ta sa masa a hammata, ya rinƙa matsawa da kansa. Babban ɗan ya shigo wata rana ya ga tsumman. Ya gane abin da yake wakilta, na tabbata, amma bai ce komai ba.

Akwai abin lura a nan. Tsarin Boston sauti biyu yake amfani da su, Hausa ma sauti biyu ne ginshiƙinta, sai faɗau da ke haɗa su a gaɓa ɗaya. Ga Bature rerawar ƙari ce da ake ɗora wa magana daga waje. Ga Bahaushe kuwa tana cikin kalmar tun asali, jan ta kawai ake yi. Ko wannan na sa tsarin ya fi sauƙi ga Bahaushe, ko kuwa yana sa kuskure ya fi tsada, tambaya ce da ta cancanci kundi guda.

Abin da aka samu

Bayan wata uku da gyaran, jimlolin da aka yi horo a kansu mafi yawa sun zauna. Yana gaisawa, yana amsawa, yana cewa a ba shi ruwa, yana faɗin wuya ko ƙafa idan suna ciwo. Sunayen jikoki wasu sun zo, wasu sai an ɗauko masa gaɓar farko. Jimlolin da ba a taɓa ba kuwa kusan suna nan inda suke. Hira irin ta da, wadda mutum zai ƙaga zance da kansa, ba ta dawo ba, kuma Malama ta gaya wa iyalan kada su sa rai da yawa. Wannan ya yi daidai da abin da gwaje-gwajen da aka yi a Holand suka nuna: amfanin ya fi tsayawa kan abin da aka horar, ba ya yaɗuwa sosai, musamman ga waɗanda ciwon ya daɗe.

Babban ɗan bai ɓoye cewa ya so fiye da haka ba. Inna kuwa ma'auninta daban. Ta ce tsohon ya koma ƙofar gida, kuma mahautan da suka san shi sun fara tsayawa idan za su wuce.

A nan ne na fi girmama Malama. Labari ya bazu, wani mai shiri a wani gidan rediyo ya nemi ta zo ta faɗi yadda waƙa ke warkar da shanyewar jiki. Ta ƙi. Ta ce mini ba ta da abin da za ta faɗa wanda ba zai zama ƙarya ba idan aka taƙaita shi. Mutum ɗaya ne. An fara ciwon yana wata huɗu, lokacin da jiki bai gama gyara kansa ba. Ci gaban ya biyo bayan gyaran karin sauti, amma ya kuma biyo bayan sabo da juna, da tsumman hammata, da darasin dare na ƙanwar, duk a lokaci guda. Ga shi makaɗi, wanda ƙwaƙwalwarsa ta sha horon da ta manomi ko ɗan tireda ba ta sha ba. Kuma idan mutane suka ji waƙa na magani, wani zai bar ƙwayar hawan jininsa, wani zai zauna gida da marar lafiya a awannin farko da ya kamata a ruga asibiti. Ko shahararren binciken Teppo Särkämö a Helsinki, na 2008, wanda ya raba majinyata 60 gida uku ya ga masu sauraron kiɗa kullum sun fi samun ci gaba a tuna kalmomi da tattara hankali, bai ce kiɗa ya maye gurbin jinya ba. Ƙari ne a kanta.

Kundin da ya canza

Matsalar ita ce gaskiyar nan ba ta cika takardar neman ƙarin girma. Malamin da ke duba kundinta ya yaba, sannan ya tambayi abin da kowace mujalla za ta tambaya: mutum nawa, kuma da wane ma'auni? Na farko ana iya nema a hankali. Na biyu ne ya tsayar da ita. Gwaje-gwajen afaziya da ta koya an gina su ne don masu Ingilishi da Faransanci. Ɗaya daga cikin sanannunsu, na Boston mai hotuna 60, yana nuna wa majinyaci abubuwa irin su ɗakin ƙanƙara na mutanen ƙuryar arewacin duniya ya ce ya faɗi sunansa. Lafiyayyen dattijo a Bagalam ma zai faɗi wannan jarrabawa. Wasu sassan kuma karatu da rubutun boko suke nema, Baba kuwa allo ya yi. Ba za ka ce magana ta gyaru da kashi kaza ba alhali ba ka da sikelin da aka daidaita da masu lafiya na harshen.

Ga sauran nauyin da kowane mai bincike a nan ya sani. Manyan mujallun fannin da Ingilishi suke fita, ita da Faransanci ta yi karatu, majinyatanta kuma Hausa suke ji. Da yawa daga mujallun da ake karantawa kyauta marubuci ne ke biyan kuɗin bugu, kuɗin da ya fi albashin watanni. Cibiyoyin da suka yi suna a wannan fanni, irin BRAMS da Isabelle Peretz da Robert Zatorre suka kafa a Mantiriyal ta Kanada a 2005, suna da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. Wata ƙawarta ta ba ta shawara ta nemi gurbi a irin waɗannan wurare ta huta. Ba shawarar banza ba ce, kuma ban ce ba za ta bi ta wata rana ba. Sai dai abin da ta gano ba na'ura ce ta nuna shi ba, kuma a Mantiriyal ba za ta sami tsohon makaɗin kalangu da matarsa na gyara mata Hausa daga bakin murhu ba.

Ta sauke taken kundin. Yanzu abu biyu take yi: gina gwajin afaziya na Hausa, da hotunan turmi da buta da rakumi da kwando, wanda za a fara gwadawa kan masu lafiya na Maraɗi da Tsibiri da Madarunfa, masu boko da marasa boko, sai kuma jerin jimlolin horo masu alamar karin sauti da nauyin gaɓa. Ta haɗa kai da wani malamin ilimin harsuna, domin karin Maraɗi ba ko'ina ya yi daidai da na Kano da ke cikin ƙamus ba. Takardun neman izini suna gaban kwamitin ɗa'ar binciken lafiya a Yamai. Aikin zai ci shekaru, kuma kalmar kiɗa ta kusa ɓacewa daga taken, abin da na ga yana ɗan ci mata rai.

Har yanzu tana zuwa Bagalam ranar Asabar, ko da yake horon ya ƙare. Zuwan da na raka ta na baya, ta je da sabon jerin kalmomi. Ta zauna gefen tabarma a ƙofar gida ta ce, "Baba, ina wuni?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗiyata." Ta miƙa masa tsumman ya sa a hammata, ta fara karantawa ɗaya bayan ɗaya tana kallon damtsensa. A kalma ta tara ya tsaya, ya girgiza kai. Ta ciro biro ta sa alama a gefen kalmar, ta sake faɗinta da wani karin.